Ɗakin Ummu Saif

Na sauka Dubai a ƙarshen 2016 da akwati ɗaya, da takardar shaidar karatun zanen gine-gine, da baki da ya ƙi rufuwa. Tun daga tagar tasi nake leƙen benaye ina zaɓen wanda zan so a ce ni na zana. Direban ya dube ni ta madubi ya tambaya ko wuyana ne ya ƙage. Na ce masa lafiyata ƙalau, aiki nake dubawa. Ni Saratu 'yar Wusasa, wadda ba ta taɓa wuce Kaduna ba, ga ni ina zaɓen bene kamar mai zaɓen atamfa a kasuwa.

Ejan da ya yi min biza ya ce wani babban kamfani na jirana. Adireshin da ya ba ni ya kai ni wani lungu a Deira, gaban shagon da ake sayar da caza da murfin waya. Mai shagon ya karanta takardata, ya girgiza kai, ya ce ba ni ce ta farko ba. Na kira ejan, lambarsa a kashe. Na sake kira, haka dai. Sai na zauna a kan akwatina a bakin titi, na ce "Wayyo Allah na" da ƙarfi, na fashe da kuka.

Wata mata mai jiki, ɗauke da kwalin kargo, ta ci birki a gabana.

"Ke 'yar ina ce?"

"Zariya."

"To tashi. Ba a kuka a titin Dubai, kowa sauri yake ba mai kallonki. Mu je gida ki yi shi a zaune."

Anti Ladi ke nan, 'yar Kagoro, mai aikin wanki da guga a wani otal. Ba ta san ni ba, ban san ta ba. Ta ɗora min kwalinta a ka, ita ta ja akwatina, muka nufi tashar bas.

A unguwar Satwa take zaune, cikin fulat ɗin da mata suka cika shi maƙil, 'yan Filifin da 'yan Uganda da mu biyu. Gado kan gado, labule shi ne bangon kowa. Na sha kewar gida a wurin nan. Ranar Juma'a muke zuwa coci, tunda ita ce ranar hutu, kuma sai da na daɗe kafin jikina ya yarda cewa ibadar ta karɓu. In mun dawo Anti Ladi ta fito da kuka da daddawa daga ƙarƙashin gado ta kaɗa miya, 'yan ɗakin su toshe hanci suna ihu, mu kuwa mu ci mu suɗe hannu. Ita ta samo min aiki a shagon wani tela ɗan Indiya mai ɗinkin abaya. Matan ba sa son namiji ya auna su, ni kuwa na iya riƙe tef. Telan ya gyara min takardun zama. Na zo auna benaye, na ɓuge da auna ƙugu, kuma a bakin matan nan na tsinci Larabci, irin na ciniki da gulma da faɗa da 'yan aiki.

Fiye da shekara ina wannan. Wata rana wata 'yar Sudan ta tsaya tana kallon yadda na zana rigarta a takarda, da rula, da awo a gefe, har da kibiyoyi. Ta ce, "Ke wannan riga kike zanawa ko gida?" Na faɗa mata abin da na karanta. Ta ɗauki waya a take ta kira mijinta.

Mijin nata, Injiniya Tariƙ, yana da ɗan ƙaramin ofishin zane, maza zalla. Wani aiki ya maƙale masa: tsohuwar da za a yi wa gini ta rantse ba namijin da zai shiga cikin gidanta da tef. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kin iya awo, kin iya Larabci, ke mace ce. Yalla, gobe ki zo." A hanyar komawa Satwa ban san sanda na rungume wata 'yar Filifin a cikin bas ba. Daga baya na ba ta haƙuri.

Gidan yana tsallaken ruwa, a tsohuwar unguwa. Muka hau abra, ɗan kwale-kwalen katako mai inji, na ƙanƙame benci ina addu'a a zuci, Injiniya yana ta dariya. Da muka sauka sai na ga abin da ban taɓa zaton akwai shi a Dubai ba. Lunguna ƙanana masu inuwa, bango launin ƙasa, ƙofofin katako masu ƙusoshi, da hasumiyoyin da ke kamo iska a saman gidaje. Na tsaya na shafa bango. Na ce, "Oga, ai wannan cikin birnin Zazzau ne!" Ya ce in rage murya, masu yawon buɗe ido sun fara ɗaukata hoto.

Gidan da muka je shi ne bare a unguwar. Gidan bulo ne mai hawa ɗaya, irin wanda ake gani a bayan gari, an gina shi lokacin da wurin yake bakin unguwa kuma fili ne. Da hukuma ta zo shata iyakar tsohon garin da za a adana, layin ya bi ta bayansa, ya haɗa da shi. Saboda haka duk dokar da ta hau kan gidan da ya shekara ɗari ta hau kansa. Ba a ɗaga gini ya wuce kaza, ba a shafe sai da launin da suka yarda, ba a sa ƙofar ƙarfe, ba a bari a ga injin esi daga waje. Ba a taɓa tsohon bangon maƙwabci da ya yi iyaka da tsakar gidan. Ba a kuma sare bishiyar da ke tsakiya. Ina ganin bishiyar na yi tsalle, don kurna ce, irin ta ƙofar gidan kakata. Na tsinci ɗaya a ƙasa na jefa a baki tun kafin in yi sallama.

Ƙamshi ne ya fara tarbata kafin in ga matar gidan. Ummu Saif na zaune a keken guragu a falon ƙasa, fuskarta rufe da ɗan ƙyallen nan mai ƙyalli da tsofaffin matansu ke sawa, idanu kawai a waje, kuma idanun nan ba sa barin komai ya wuce. Ta ce in matso. Ta kama hannuna ta juya shi.

"Ke ce mai awon? Ina aka samo ki?"

"Najeriya, Hajiya."

"Ki ce Yumma, wato uwa. Kin ci kurnata ba ki roƙa ba, ai kin zama 'yar gida."

Matsalarta a fili take. Ɗakunan kwana da banɗaki duk suna sama, gwiwoyinta kuma sun daina hawa. A falo take kwana, a bayan labule ake mata wanka. Ko tsakar gida ba ta iya fita, don akwai 'yan matakala tsakaninta da falon. Ɗanta Saif, babban ma'aikaci mai ƙaton gida can bayan gari wajen rairayi, ya shirya mata sashe guda da lifta da komai. Ta ce ba inda za ta. A gidan nan aka kawo ta amarya, daga nan za a ɗauke ta. Da suka gaji da ja-in-ja suka yi yarjejeniya: za a nemi izinin ƙara mata ɗaki da banɗaki a tsakar gida. In ɗakin ya tsaya kafin zafin bana ya shigo, ta zauna. In bai tsaya ba, ta shiga mota ba gardama.

Da na gama awo zan tafi, ta sa aka kawo kasko da garwashi. Ta buɗe wata kwalba ta ɗebo turare ta barbaɗa, ta ce in buɗe mayafina hayaƙin ya shiga. Al'adarsu ce, turare shi ne sallamar baƙo. Na sha jin turaren matan Borno, amma ban taɓa jin irin wannan ba. Ita ke haɗa abinta da hannunta, kuma ko surukarta ba ta faɗa wa abin da ke ciki ba. Da na koma Satwa Anti Ladi ta shinshina ni ta ce, "Ƙanwata, aiki kika je ko gidan biki?"

Watannin da suka biyo baya su ne mafi daɗi da na yi a ƙasar. Ni aka bar wa zanen. Na ajiye ɗakin a kusurwar da ke jikin tsohon bango, na bar ɗan tsaga tsakani don kada mu taɓa shi. Babban ɗaki, yadda Saif yake so, da wurin zaman baƙi da wurin kabad. Muka kai ofishin kula da tsoffin gine-gine, suka dawo da shi a gyara tagogi. Muka gyara, suka ce ƙofar ta yi zamani. Na zagaya unguwar ina zana tsoffin ƙofofi har wani mai gadi ya fara kawo min kujera. Ranar da suka ce sun amince, saura sa hannun ƙarshe, na yi rawa a ofis, rawa sosai, har mai kawo shayi ya ajiye tire ya tafa min.

A nan na tambayi Injiniya yaushe za mu je gaida maƙwabta.

Ya ce, "Gaida wa?"

Na yi masa bayani. A wajenmu ba a sauke yashi a ƙofar gida sai maƙwabta sun ji daga bakinka. Lokacin da Babana zai ƙara ɗaki a gidanmu, sai da ya sa babbar riga ya ɗauki goro ya bi gida gida, Musulmi da Kirista, yana cewa za mu ta da ƙura, a yi mana haƙuri. Injiniya ya ce nan Dubai ce, takarda ita ke gaisuwa, kuma takarda ta gaishe su. Na ce to. Amma abin ya tsaya min a rai. Ta yaya za a wayi gari mutane su ji guduma a jikin bangonsu ba wanda ya ce musu uffan? Ranar hutuna na sayi dabino mai kyau, na ɗaura ɗankwali, na hau abra ni kaɗai, har na daina riƙe benci.

Yawancin gidajen sun zama shagunan zane da wuraren shan kofi. Wata baturiya ta karɓi dabinon ta ce in rubuto musu imel. Wani yaron kanti ya ɗauka talla nake. Ƙofar ƙarshe ita ce ta gidan da muke bango ɗaya da shi. Na ƙwanƙwasa na daɗe, sannan wani dogon tsoho mai farin gemu da sanda ya buɗe. Haji Ubaid ke nan, tsohon matuƙin jirgin ruwa.

Na durƙusa na gaishe shi irin ta gida. Na ce daga gidan Ummu Saif nake, za mu ɗaga gini, na zo neman afuwa tun kafin ƙura ta tashi.

Ya tsaya yana kallona har na fara tunanin Larabcina ne ya karye. Sai ya ce, "Shigo, 'yata."

Ya zaunar da ni, ya zuba min gahawa da hannunsa. Ya ce shekara arba'in da wani abu ke nan yana jiran wannan ƙwanƙwasawar. Mijin Ummu Saif ya sauke bulo a filin nan bai ce masa komai ba, ya wayi gari ya ga bene ya tsaya masa a ka. Tun daga ranar ba su sake shiga gidan juna ba har mutumin ya rasu. "Sai ga shi yau an aiko min ladabi daga Najeriya," in ji shi. Ni kuwa kaina ya kumbura. Na zaro zanen na shimfiɗa masa, ina nuna masa da yatsa, ga ɗaki, ga banɗaki, ga bangonka ko taɓa shi ba za mu yi ba.

Ya duba da kyau. Ya ƙara min gahawa. Ya ce, "Na gode da kika faɗa min. Gobe da safe zan kai ƙara."

Kofin ya kusa suɓuce min. Ya miƙe ya ce in biyo shi. Ya kai ni wani ɗaki a can ciki, inda wata ƙaramar tsohuwa take kwance, idanunta sun yi fari, ƙirjinta na ƙara in ta ja numfashi. Matarsa ce, Shaikha. Ba esi a ɗakin, don sanyinsa na shaƙe ta. Amma ɗakin ba zafi. Haji ya kama hannuna ya kai jikin bango, ƙasan wani ɗan lungu, sai na ji iska mai sanyi tana sauka a tafina. Bangon a wurin falle biyu ne, ɗaya a gaban ɗaya, da tsaga a tsakani. Iskar teku in ta ratso tsakar gidan Ummu Saif sai ta daki bangon ta gangaro ciki, ido kuwa ba ya ganin komai. Daga ɓangarenmu na ga wuraren, na ɗauka alkuki ne na ajiye fitila, kuma tankin ruwa ya kare su a hotunan da muka kai ofis. Ɗakin da na zana zai tsaya daidai a bakinsu.

"Da wannan take numfashi," in ji shi. "Kin gane?"

Na gane. Na fito da sauran dabinona a hannu.

Ya kai ƙarar kamar yadda ya ce. Aka dakatar da sa hannu. Injiniya Tariƙ ya yi faɗa da Larabci da Turanci, da ya ƙare ya sake daga farko. "Wa ya aike ki? Khalas, shi ke nan, kin kashe mu! Da kin yi shiru da yanzu muna zuba kankare!" Saif ya kira ya ce kada ya sake ganina a gidan uwarsa. Na koma Satwa na ja labulena na kwanta. Abin da ya fi ci min rai shi ne Yumma, wadda ta ce in kira ta uwa, ni ce zan sa a ɗora ta a mota. Anti Ladi ta yaye labulen ta zauna a bakin gadon.

"To da kin yi shiru fa? Da kun toshe wa waccan hanci. Tashi ki ci tuwo, habibti, gobe ki je ki faɗa wa tsohuwar da bakinki."

Na je. Saif ya hana, amma ba shi ke buɗe ƙofa ba. Na durƙusa gaban keken na zayyana mata komai ina jiran ta kore ni. Ba ta tambayi ɗaki ba. Ta ce, "Kin ga Shaikha? Da idonki?" Na ce na gan ta. Ta tambayi yadda take, na faɗi gaskiya. Ta juya fuska. Ashe duk shekarun da mazan suke gaba, matan ba su daina ba. Kullum da yamma sai su hau rufi da sunan shanya, su jingina da katanga su yi hira. Da gwiwar wannan ta mutu, idon waccan ya tafi, sai hirar ta yanke. Ko waya ba su yi ba, don wayar gidan Haji a hannun Haji take. Ba ta ma san an mai da ƙawarta ɗakin da ke jikin bangon ba.

"Ja ɗakin baya," in ji ta. "Bar mata hanyar iskarta."

Na ce in na ja shi zai ci karo da kurna, kuma an hana sarewa. Dole ya tsuke. Ba wurin baƙi, ba ƙaton kabad, gado ne kawai da inda keke zai juya.

"Kabarina zai fi shi faɗi ne?"

Na yi sabon zane cikin 'yan kwanaki, ina yi ina waƙa. Ɗan ɗaki, da siririn lungu tsakaninsa da tsohon bango, bakin lungun a buɗe yana kallon inda iskar teku ke shigowa, ya tsuke daidai wajen tsagogin. Na sa taga ƙasa-ƙasa a ɓangaren lungun, daidai tsayin mai zama a keke. Injiniya ya duba, ya yi ƙunƙuni, ya gyara min kusurwar bakin lungun, ya ce wataƙila. Saif ya ce uwarsa ba za ta zauna a akwati ba. Uwar ta ce akwatin nata ne.

Saura Haji Ubaid. Na koma masa da zanen. Ya ce ya gani, amma ba zai janye ba sai ɗan gidan ya zo da ƙafarsa. Saif ya ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba zai je ba. Ban san abin da Yumma ta faɗa masa ba, na dai ji muryarta daga tsakar gida, kuma ban taɓa sanin tsohuwa na da irin wannan maƙogwaro ba. Da yamma sai ga ni a gaba, ga babban mutum cikin farar kandura, doguwar rigar mazansu, a bayana riƙe da kwalin dabino, yana tambayata a hankali me ake fara cewa. Na ce ya ce sun zo neman afuwa, sauran zai zo da kansa. Haji ya bar shi a tsaye ɗan lokaci, sannan ya matsa ya ba shi hanya.

Ofishin ya amince da sharaɗi ɗaya. In bango ya tashi za su zo su gwada. In iska na isa ɗakin Shaikha, a ci gaba. In ba ta isa, a rushe a sake. Kowa ya san ba lokacin sakewa, don rana ta riga ta fara cizo.

Muka yi gini kamar ana korarmu. Mota ba ta shiga lungunan unguwar, a baro ake turo komai. Ni ce a wurin tun safe, da hular kwano a kan ɗankwali, ina ihu da yaren da ban iya ba, magina suna amsa min da wanda su ma ba su iya ba, kuma bango yana tashi. Yumma ta sa aka kawo kekenta bakin ƙofar falo tana ba da umarni. Haji kuma ya kafa kujera a kan rufinsa yana leƙowa, wai yana shan iska. Kullum da yamma nakan shiga lungun in jiƙa yatsa in ɗaga, wani lokaci in ji sanyi, wani lokaci in ji bugun zuciyata kawai.

Ranar gwaji aka sa bayan la'asar, lokacin da iskar teku ta saba tasowa. Wata injiniya ta zo daga ofishin da ɗan abin awon iska mai farfela. An riga an zuba gangare a kan matakalan, sai na turo Yumma har cikin ɗakinta, karo na farko da ta shiga tsakar gidanta cikin shekaru. Ta shafa bangon da ba a shafe ba ta ce ya yi. Na ajiye ta a bakin taga.

Sai iska ta ƙi zuwa. Ganyen kurna ko motsi. Injiniyar ta shiga lungu ta ɗaga abinta, farfela ta tsaya cak. Ta jira, ta sake ɗagawa. Haji yana tsaye a ƙofar tsakar gida da sandarsa. Injiniya Tariƙ ya jiƙe sharkaf. Matar ta yi haƙuri da mu ƙwarai, amma daga ƙarshe ta ce ba za ta iya rubuta abin da ba ta gani ba, sai dai a sa wata rana, kuma layin masu jira yana da tsawo. Saif ya dubi uwarsa. Ya ce a hankali, ba da faɗa ba, "Yumma, mun yi alkawari. Mota na bakin titi, ki zo ki huta ko na bana ne." Duk mun san in ta tafi ba za ta dawo ba.

Ba ta yi gardama ba. Ta gyara mayafinta ta ce, "Sara, baƙi za su tafi. Kawo turare."

Na je na ɗauko kaskon. Ba teburi a ɗakin, sai na ɗora shi a kan dakalin taga. Ta buɗe kwalbarta ta barbaɗa. Hayaƙi ya miƙe sama sak. Ina kallonsa don kada in kalli fuskarta. Sai na ga kansa ya ɗan karkata. Ya kwanta, ya fita ta tagar, ya bi lungun a hankali, ya kai jikin tsohon bango, ya shige tsagar kamar ana jan zare.

Na damƙe hannun injiniyar ina nunawa. Ta zuba ido, ta ce ashe lungun na jan iska ko da ganye bai motsa ba, ta kama hanyar gidan Haji da sauri don ta gani daga ciki. Ba ta kai ƙofa ba muka ji tari daga cikin bango. Sannan wata siririyar murya.

"Moza?"

Ban taɓa jin sunan Yumma na yanka ba sai ranar. Ta kama bakin tagar da hannu biyu ta jawo kanta gaba.

"Shaikha!"

"Na san ke ce. Har yanzu kina cika masa miski."

"Ke kuma har yanzu hancinki ya fi bakinki aiki!"

Dariya ta fito daga bangon, ta koma tari, ta sake komawa dariya. Haji Ubaid ya juya mana baya yana gyara rawaninsa da bai kwance ba. Saif ya tsaya da makullin mota a hannu, ya dube shi, ya zura shi a aljihu. Ni kuwa na manta a inda nake, na rangaɗa guɗa irin ta Wusasa har tattabaru suka tashi daga kan kurna.

Yumma ba ta ko waiwayo ba. Ta miƙo min kaskon ta gefe, fuskarta na wajen taga.

"Sara, ƙaro garwashi. Hirar da yawa."